Aiki daga gida: Laifin ma'aikaci ne ko na shugabansa?

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, zuwa ofis kullum ya zama babban lissafi ga ma'aikacin Najeriya. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta doshi Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000 a wurare da dama. Kuɗin mota ya bi sahu. Ma'aikacin da ke kwana a Mararaba ko Suleja yana aiki a tsakiyar Abuja ya wayi gari kaso mai tsoka na albashinsa yana ƙarewa a kan titi.

Wasu gwamnatocin jihohi sun nemi mafita. Edo da Kwara sun sanar da rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako a watan Yunin 2023, Legas ma ta ɗauki irin wannan mataki ga ƙananan ma'aikatanta a watan Fabrairun 2024. Kaduna ta riga su, domin tun a watan Disambar 2021 ta ce ma'aikatanta, ban da na makarantu da asibitoci, su riƙa aikin ranar Juma'a daga gida. Kamfanoni masu zaman kansu da dama, waɗanda suka ɗanɗana wannan tsari a lokacin kullen korona, sun sake komawa gare shi.

Sai dai koken masu kamfanoni bai sauya ba. Suna cewa ma'aikaci in ya zauna a gida barci yake yi, ko ya tafi sabgar gabansa, a kira shi waya a kashe. Akwai gaskiya a wannan koke, amma akasarin laifin yana wuyan shugabanni. Kamfanin da aikin nesa ya durƙusar da shi, in aka bincika, za a tarar dama can ba shi da ma'aunin aiki face ganin mutum a kan kujera. Ofis ne yake rufa wa wannan rauni asiri, da aka watse gida sai ya fito fili.

Abin da bincike ya nuna

A tsakanin 2010 da 2011, kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke Shanghai a ƙasar Sin ya yi gwaji tare da masanin tattalin arziki na Jami'ar Stanford, Nicholas Bloom. An raba ma'aikatan da ke amsa kiran kwastomomi gida biyu bisa ranar haihuwarsu. Wani rukuni ya yi aiki daga gida kwana huɗu a mako na tsawon wata tara, ɗayan ya ci gaba da zuwa ofis. Aikin waɗanda ke gida ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, kuma yawan masu ajiye aiki a cikinsu ya ragu da kusan rabi.

An sake wani gwajin a kamfanin, wanda yanzu ake kira Trip.com, da ma'aikata 1,612 masu digiri, aka wallafa sakamakon a mujallar Nature a 2024. Wannan karon kwana biyu kacal ake yi a gida, uku a ofis. Ajiye aiki ya ragu da kashi ɗaya bisa uku, ingancin aiki da ƙarin girma kuma ba su taɓu ba. Manajojin da suka shiga gwajin suna zaton za a yi asara sun fito da wani ra'ayin daban.

Amma ba ko'ina aka ci riba ba. Wani nazari kan ma'aikata sama da 10,000 na wani babban kamfanin fasaha a Indiya ya gano cewa da suka koma gida lokacin korona, sa'o'in aikinsu sun ƙaru, amma abin da suke samarwa a kowace sa'a ya ragu da kashi 8 zuwa 19 cikin 100. Babban dalilin shi ne taruka sun yi yawa, lokacin da mutum zai zauna ya natsu a kan aikinsa ya ragu.

Bambancin a bayyane yake. A Ctrip an san adadin kiran da kowa ya amsa da mintocin da ya yi a kan waya, an ba shi kayan aiki iri ɗaya da na ofis, shi ne kuma ya nemi a bar shi ya yi daga gida. A kamfanin na Indiya annoba ce ta kora kowa gida ba shiri, aka cike giɓin da taro a kan taro.

Fatake sun daɗe da sanin wannan

Tafiyar da mutanen da ido ba ya ganinsu ba sabon abu ba ne a kasuwancin Hausawa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya da dukiyar wasu a hannunsu. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya gina arzikinsa ne da wakilai da ke saya masa gyaɗa a garuruwa daban-daban yana zaune a Kano. A Sabo da ke Ibadan, cinikin shanu da na goro ya daɗe yana tafiya tsakanin masu dukiya da ke Arewa da masu masauki da dillalai da ke Kudu, galibi a kan bashi.

Abin da ya riƙe wancan tsari a fili yake. An san abin da aka damƙa wa mutum, an san ranar da za a zauna lissafi, kuma wanda ya ci amana sunansa ya ɓaci a duk hanyar fatauci. Babu attajirin da ya damu da ƙarfe nawa yaronsa ya tashi daga barci a Salaga. Damuwarsa ita ce kaya su iso, lissafi ya cika.

Har gobe 'yan kasuwar Kantin Kwari da na Singa suna da wakilai a Dubai da Guangzhou da Legas, kuma haka suke tafiyar da su. Abin mamaki shi ne kamfanin zamani mai kwamfuta da intanet ya kasa abin da fatake suka iya da jaki da wasiƙar ajami.

A auna abin da aka kammala

Matakin farko ga duk kamfanin da ke da ma'aikatan nesa shi ne ya rubuta wa kowane muƙami abin da ake jira daga gare shi, da ranar da ake jiransa. Akanta ya san ranar da zai miƙa lissafin wata. Mai kula da kwastomomi ya san cikin awa nawa ya kamata a amsa saƙo. Mai talla ya san adadin kwastomomin da zai tuntuɓa da cinikin da ake sa ran ya kawo. Mai zane ko mai rubuta manhaja ya san abin da zai miƙa ranar Alhamis, da wanda zai duba ya ce ya yi ko bai yi ba.

Wannan aiki ne mai wahala, shi ya sa manajoji da yawa ke guje masa. Ya fi sauƙi a leƙa ofis a ga kowa a zaune, a ɗauka aiki na tafiya. Amma kowa ya san ma'aikacin da ke zuwa ƙarfe takwas ya tashi ƙarfe biyar, ya ƙare ranar yana hira da kallon waya. Shi ma asara yake jawo wa kamfani, sai dai tasa asarar ba ta da hayaniya.

Idan ma'auni ya fito, mai ƙwazo zai bayyana, malalaci ma haka. A nan ne shugaba zai iya yin hukunci da hujja. Wanda ya saba alkawari sau ɗaya a tambaye shi dalili, wanda ya mayar da abin al'ada a dawo da shi ofis ko a sallame shi. Amana da lissafi tare suke tafiya.

Sa ido ba ya haifar da aiki

Wasu kamfanoni sun zaɓi gajeriyar hanya. Sun sanya wa kwamfutocin ma'aikata manhajar da ke ƙirga danna madannai, ko ɗaukar hoton allo lokaci-lokaci, ko su ce kyamara ta zauna a kunne duk yini. Wani binciken jin ra'ayi da Microsoft ya fitar a 2022 ya nuna tushen wannan tsoro: kashi 87 cikin 100 na ma'aikata sun ce suna aiki yadda ya kamata, amma kashi 85 na shugabanni sun ce yana musu wuya su gamsu da hakan.

Matsalar ita ce duk abin da aka ce shi za a auna, shi mutane za su koyi samarwa. In motsin linzamin kwamfuta ake ƙirgawa, za a samu motsi. Har ƙananan na'urori ake sayarwa masu motsa linzamin su kaɗai, mai shi yana can wani wuri. A 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya kori ma'aikata fiye da 12 bisa zargin yin irin wannan dabara don a ɗauka suna kan aiki. Sun yi laifi, amma tambayar da ta rage ita ce ta yaya babban banki ya kasa gane ko mutum na aiki sai ta motsin madannai.

Ma'aikacin kirki kuwa, in ya ga ana bibiyarsa kamar ɓarawo, shi ne farkon wanda zai nemi wani wurin. Ga kuma batun doka. Najeriya ta samu Dokar Kare Bayanai a watan Yunin 2023, kuma tattara hotunan cikin ɗakin mutum da bayanan na'urarsa ba tare da cikakken dalili da saninsa ba na iya jefa kamfani cikin rigima.

Abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba

Kasuwanci a wannan yanki ya ginu ne a kan magana ta baka. Maigida zai faɗi abu a tsaye, a ɗauka an ji. A ofis wannan yana iya wucewa, domin wanda bai gane ba zai tambayi na kusa da shi. A aikin nesa ba shi da na kusa.

Kamfanin GitLab, wanda ba shi da hedikwata kuma ma'aikatansa ke warwatse a ƙasashe fiye da 60, ya rubuta yadda yake gudanar da komai a wani kundi da ya haura shafi 2,000, ya kuma bar shi a buɗe a intanet. Ƙaramin kamfani a Kano ko Maraɗi ba ya bukatar ko kusa da haka. Shafi goma da suka bayyana yadda ake karɓar oda, wa ke amincewa da fitar da kuɗi, ina ake ajiye takardu, da wanda ake kira in matsala ta taso, za su rage rabin rikicin da ake yi.

Nan ne ya kamata a yi maganar WhatsApp. Shi ne ofishin mafi yawan ƙananan kamfanoni, kuma yana da amfani wajen saƙon gaggawa. Amma zauren da umarnin aiki ya cakuɗe da gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure da saƙon murya na minti bakwai ba wurin ajiye shawarar kamfani ba ne. Duk abin da aka yanke a waya ko a taron Zoom, a rubuta shi a taƙaice a wuri ɗaya da kowa ya sani, da sunan wanda zai aiwatar da ranar kammalawa. Shi kansa taron a rage shi. Wanda za a iya maye gurbinsa da saƙon layi biyar bai cancanci cinye datar mutum goma ba.

Wuta da data nauyin kamfani ne

Wannan ne wurin da shawarwarin da ake kwafowa daga Turai da Amurka suke gazawa. A can ana ɗauka wuta da intanet suna nan kamar iska. A Najeriya an ninka kuɗin wutar rukunin A fiye da sau uku a watan Afrilun 2024, zuwa Naira 225 a kowane yunit. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. A ranar 14 ga Maris ɗin 2024 katsewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ta rikita aiki a Afirka ta Yamma. A watan Satumban 2021 kuma an rufe layukan sadarwa a Zamfara na makonni saboda matsalar tsaro.

Kamfanin da ya tura ma'aikaci gida ya rage wa kansa kuɗin haya da na dizal. In ya bar ma'aikacin da sayen data da man janareto daga albashinsa, to ya ɗora masa kuɗin gudanar da kamfani ne ta bayan gida. Sakamakon kuwa sananne ne: za a ji caji ya ƙare, data ta ƙare, sabis ya ɗauke, kuma shugaba ba zai iya rarrabe mai gaskiya da mai ƙarya ba.

Ƙasar Fotugal ta sanya wannan a doka tun 2021, inda ta wajabta wa kamfani biyan ƙarin kuɗin wuta da intanet da aikin gida ya jawo wa ma'aikaci. Mai kamfani a Najeriya ba sai ya jira majalisa ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir mai kyau, alawus ɗin data na wata-wata, layi na biyu daga wani kamfanin waya, da ƙaramin sola ko inbata da za a ba da bashi a riƙa cira daga albashi kaɗan-kaɗan, duk ba su kai kuɗin hayar ofis a Wuse ba. Bayan an samar da waɗannan ne kamfani ke da bakin tuhumar wanda ya ce ba shi da wuta.

A san lokacin tashi

Akwai manajan da ke ganin tun da ma'aikaci yana gida, to a kira shi ko ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne. Faransa ta fara aiki da dokar da ta ba ma'aikaci 'yancin rufe waya bayan tashi daga aiki a 2017, Ostareliya ta bi baya a 2024. Hujjarsu ita ce mutumin da ba ya hutawa aikinsa yana lalacewa, daga baya kuma ya gudu.

Abin da ya fi dacewa shi ne a ware wasu sa'o'i da dole kowa ya kasance a kan layi, misali daga goma na safe zuwa biyu na rana, sauran lokacin mutum ya tsara wa kansa. A yi la'akari da lokutan sallah, da ranar Juma'a, da watan azumi. A yi la'akari da bambancin agogo ga wanda ke wata ƙasa, domin ƙarfe tara na safe a Kano ƙarfe sha biyu ne a Dubai, ƙarfe huɗu na yamma a Guangzhou.

Irin wannan sassauci shi ne zai ba kamfani damar ɗaukar ma'aikatan da da ba zai same su ba. Akwai mata masu digiri a lissafi da kwamfuta da harsuna a Sakkwato da Katsina da Damagaram waɗanda aure ko raino ya hana su zaman ofis daga safe zuwa yamma. Akwai masu bukata ta musamman da hawa bene da shiga motar haya ke wahalar da su. A gwajin Trip.com ma, mata da masu doguwar tafiya zuwa ofis na cikin waɗanda suka fi daina ajiye aiki.

Masu cewa a koma ofis ma suna da hujja

Ba daidai ba ne a ɗauka duk wanda ya kira ma'aikatansa ofis bai waye ba. Yahoo ya yi hakan a 2013, IBM a 2017, Amazon kuma ya umarci ma'aikatan ofisoshinsa su koma kwana biyar a mako daga Janairun 2025. Nazarin da aka yi kan ma'aikatan Microsoft sama da 61,000 a Amurka ya nuna cewa da aka koma gida a 2020, mutane sun fi manne wa 'yan sashensu, hulɗa tsakanin sassa ta ragu. Ko a gwajin Ctrip na farko, kusan rabin waɗanda suka yi aiki daga gida sun zaɓi komawa ofis da aka gama, da yawansu saboda kaɗaici. An kuma lura cewa ƙarin girma ya fi zuwa wa waɗanda shugabanni ke gani, ko da aikinsu ɗaya da na gida.

Wanda ya fi cutuwa shi ne sabon ma'aikaci. Matashin da ya gama hidimar ƙasa yana koyon aiki ne ta kallon manya da jin yadda suke magana da kwastoma. In aka bar shi a ɗaki shi kaɗai da kwamfuta, zai daɗe bai goge ba.

Waɗannan matsaloli suna da magani. Sabon ɗauka ya yi watanninsa na farko kusa da wanda zai koya masa. A ware ranakun da kowa zai haɗu, a yi amfani da su wajen tsara aiki da sanin juna, domin zumunci a ƙafa yake. Manaja ya riƙa ganawa da kowane ma'aikaci shi kaɗai ko da sau ɗaya a mako biyu. Lokacin ƙarin girma kuma a buɗe takardar sakamako, kada a dogara da fuskar da aka fi gani a ƙofar ofishin oga. Akwai kuma ayyukan da sam ba sa yiwuwa daga nesa, kamar na sito da masana'anta da asibiti, kuma ya kamata kamfani ya faɗa wa ma'aikatansa dalilin da ya sa wani ke gida wani ke ofis, don kada abin ya zama gaba.

Ƙofar da ɓarawo ke shiga

A farkon 2024, wani ma'aikacin kamfanin injiniya na Arup a Hong Kong ya tura kusan Dala miliyan 25 ga 'yan damfara, bayan wani taron bidiyo da aka ƙirƙiri fuska da muryar shugabanninsa da fasahar ƙirƙirarriyar basira. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kamfanin da ake fitar da kuɗinsa da saƙon WhatsApp ɗaya daga lambar maigida yana cikin haɗari, domin sace lambar waya ya zama ruwan dare. Ka'idar mai sauƙi ce: duk kuɗi mai yawa sai mutum biyu sun amince, kuma sai an sake kiran wanda ya ba da umarni ta lambar da aka sani. Takardun kamfani su zauna a ma'ajiyar kamfani, kuma ranar da ma'aikaci ya bar aiki a rufe masa hanyar shiga.

Tsadar sufuri ba ta da alamar komawa yadda take, kuma ƙwararrun matasa yanzu suna iya yi wa kamfanonin Legas da Landan aiki daga ɗakunansu a Zariya. Mai kamfanin da ya dage sai ya ga kowa a gabansa zai riƙa rasa irin waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya yanke hukuncin cewa aikin gida lalaci ne, ya ɗauki takarda ya rubuta abin da yake jira daga kowane ma'aikacinsa a wannan mako. In ya kasa cike takardar, gyaran daga teburinsa zai fara.